Ƙafar Yaya Sale da Alharinin Ankara

Tun da na dawo daga Gana ban huta ba. Wadda ta zo sayen zare sai ta gyara zama, wadda ta zo sannu da zuwa ba ta tashi, kowa da tambayarsa: yaya Ankara take, wai da gaske suna cin tuwo mai tsami, a ina kika baro Yaya Sale? Jiya a gidan suna sau huɗu na ba da labarin nan har muryata ta dushe. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya. Duk mai tambaya daga yau takarda zan miƙa mata, in ba ta iya karatu ba ta nemi jikanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi, a Zariya nake, sana'ata zaren tsamiya. Gidan tsutsar nan da ake cirowa a kan bishiya shi nake saye, in dafa da ruwan toka har danƙon ya fita, in wanke, in shanya, in kaɗa da mazari. Alharininmu ke nan na gida, wanda ake yi wa babbar riga aiki da shi. Yaya Sale babban wanmu ne, shekara arba'in yana ɗinkin hannu da zarena, kuma a shekara arba'in ɗin ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mutane suna yabon wannan hali. Ba su suke zama da shi ba.

Bara mai keke napep ya buge shi, ƙwaurinsa na hagu ya karye. Aka kai shi wajen maɗori, aka ɗaure, aka kwance, aka sake ɗaurewa. Wata tara ƙashi bai haɗe ba. Da muka je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana giɓi tsakanin ƙasusuwan biyu, ya ce sai an yanko ɗan ƙashi daga ƙugunsa an cike wurin, an riƙe da ƙarfe. Ya ce a hanzarta, in ba haka ba ƙafar ce za a rasa. Aka sa rana. Tun daga nan na ga Yaya ya daina cin abinci.

A nan na shigo da bakina. Ƙanenmu Mamman, Allah ya jiƙansa, tun yana saurayi fataucin goro ya kai shi Ankara, ya yi aure a can, ya bar 'ya ɗaya, Asma'u. Yarinyar ta yi karatu mai zurfi. Shekara biyu da suka wuce ta turo min hotonta cikin farar riga, da saƙon murya tana cewa aikinta shi ne neman yadda alharini zai taimaki ƙashi ya sake tsirowa. Na ji daɗi, ga jinina ga sana'ata. A biki na farko na ce 'yar Mamman tana aikin ƙashi da alharini. A biki na uku ta zama mai ɗora karaya da alharini, babu wuƙa babu ƙarfe. Na yi ta faɗa har ni ma na yarda. Saura kwana biyar a yi wa Yaya aiki na je na zauna gabansa na ce, "Yaya, don me za a yanka ka a wuri biyu, ga 'yarka a Ankara?"

Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata, Rabi?"

Na ce, "Na taɓa yi maka ƙarya?"

Za ku ce me ya hana ni kiran Asma'u in tambaye ta. Ku ma kun sani. Babba ba ya kai wa 'yar cikinsa buƙata ta waya kamar mai roƙo. Uwarta na kira, Hajiya Meri, ashe da ni da ita jirgi ɗaya ya ɗauko mu. "Ei, Hajiya, ku taho kawai!" in ji ta. "Asma'u babban dokta ne yanzu, kullum yana gyara ƙashi. Ba wahala koraa." Koraa ɗin nan "ko kaɗan" ke nan a yaren can. Haka Hausarsu take, mace da namiji duk "shi" ne. Muka bar ranar asibiti ta wuce.

Shirin tafiya ya ci wata uku. Takardun ƙetare iyaka, katin allura, sallama da dangi. Sannan ga buhu. A wajenmu in za a yi maka aiki, kai ake rubuta wa takarda ka kawo komai, har auduga da safar hannu. Na ce to, tun da alharini za a sa, ba zan bari a cusa wa wana zaren kanti ba. Na aika har ƙauyukan Bauchi aka tattaro min gidan tsutsa ɗanye mai kyau, cike da buhu.

Daga Zariya zuwa Ikko babbar mota muka hau. Ƙafar Yaya ba ta lanƙwasuwa, sai muka miƙe ta a hanyar tsakiya bisa buhun. Duk mai wucewa sai ya tsallake, duk wanda ya tsallake sai ya taɓa, ni in yi masifa, Yaya ya ce, "Ba komai, wuce abinka." Wani ya taka masa yatsa da takalmi sau-ciki, har gumi ya karyo masa, amma shi ne ya ba mutumin haƙuri. Kafin mu kai Ilori na yi faɗa da rabin motar, sauran rabin kuwa sun daina kallon inda nake.

A tashar Ikko Allah ya haɗa mu da Malam Hamani, Bazabarme mai fataucin albasa a kasuwar Agbogbloshie ta Ankara. Dogo ne, Hausarsa tas, ga surutu kamar rediyo. Da shi muka shiga ƙaramar motar da za ta bi ta Kwatano da Lome. Iyaka uku ce a gabanmu, kuma a kowacce sai kowa ya sauka ya taka da ƙafarsa. A ta farko Yaya ya gwada da sandunansa, rana ta buge shi, ya tsaya yana haki. Malam Hamani bai yi shawara da kowa ba, ya durƙusa ya goya shi. Haka ya yi a duka ukun, yana tafe yana ba shi labarin yadda ake gane albasar Galmi. Shi kaɗai ne a tafiyar nan ban yi wa tsawa ba.

A iyakar ƙarshe aka sauko da buhuna. Wata ma'aikaciya mai duba kayan gona da ƙwari ta tambayi abin da ke ciki, Malam Hamani yana yi mana tafinta. Na ce kayan asibiti ne. Ta ɗaga gira, ta kwance bakin buhun, ta zura hannu. Na buɗe baki in gargaɗe ta, ban samu zarafi ba. Duk mai aikin tsamiya ta san ɗanyen gidan tsutsa yana da gashi mai ƙaiƙayi, mu da tsumma muke ɗaukarsa. Ban da wannan, zafin mota na kwana biyu ya sa wasu sun ƙyanƙyashe. Ƙwari masu fiffike suka yi ta fitowa suna bin fitilar ofis, matar tana susar hannu har gwiwa, tana magana da sauri cikin yarensu.

Na ce, "Malam Hamani, me take cewa?"

Ya ce, "Hajiya, wannan ba sai na fassara ba."

Suka riƙe buhun, suka ce ba a shiga ƙasa da ƙwari masu rai. Gaskiyarsu ce, yanzu na sani. A lokacin kuwa na yi ta kumfar baki ina cewa ƙafar mutum ce a buhun nan, har jama'a suka taru suna leƙawa su ga ƙafar. Abin da ya tsira ƙulli ɗaya ne na kaɗaɗɗen zare da ke cikin jakar hannuna.

Da la'asar muka sauka a Circle, babbar tashar Ankara. Ban taɓa jin hayaniya irin wannan ba. Mai wa'azi da lasifika nan, mai kiɗa can, 'yan kamasho suna ihun sunayen unguwanni. Tasi ya kai mu unguwar Maamobi ya tsaya a bakin titi, ya ce mota ba ta shiga. Lungunan nasu in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace, ga kwata a tsakiya. Malam Hamani ya sake goya Yaya har ƙofar gida, ya ƙi ko shan ruwa, ya ce albasarsa tana jiransa.

Gidan Hajiya Meri gidan haya ne mai ɗakuna zagaye da tsakar gida. Ƙabilu iri-iri ne a ciki, akwai Dagomba, akwai Mosi, akwai Kotokoli, kuma dukansu da Hausa suke faɗa a kan famfo. Aka ba Yaya ɗakin wani da ya yi tafiya, ni na kwana da Hajiya Meri, wadda ke barci da rediyo a kunne. Banɗaki ɗaya ne ga kowa, da layi. Mu da muka saba da soro da zaure, sai ga ni ina alwala gefen wani ƙato yana goge baki yana ce min, "Hajiya, ka tashi lafiya?"

Suna da wata al'ada da ba mu da ita, kuma da na bi ta da na rage wa kaina baƙin ciki. Baƙo in ya iso, a ba shi ruwa, a gaisa da hannu daga dama zuwa hagu, sannan babban gida ya tambaye shi a gaban kowa abin da ya kawo shi. Ko sun sani sai sun tambaya. Dattijon gidan, Baba Tanko, ya gyara murya ya ce, "To, nan lafiya lau. Ku ne da tafiya, me ke tafe da ku?" Asma'u tana tsugune a gefe, ta zo musamman daga jami'a don ta tarbe mu, idonta a kan ƙafar Yaya. A wajenmu wa zai sauke buƙatarsa tun ƙurar hanya tana jikinsa? Na ce, "Zumunci ne kawai, Baba. Mun zo ganin 'yarmu." Uwarta ma ashe abin da ta gaya mata ke nan. Yarinyar ta tambayi ƙafar, Yaya ya ce da sauƙi. Washegari da sassafe ta koma wurin aikinta, sai Juma'a.

Kwana huɗu muka yi muna cin abinci. Kokonsu da ƙosai ba ni da abin cewa, ya fi namu yaji da citta. Shinkafa da wake kuwa, da suke kira wace, da karan dafi suke dafa ta, wanda mu muke rina fata da shi, ta fito ja, a zuba mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi. Dokunu shi ne tuwon mai tsami da kuke tambaya, a ganyen masara ake naɗe shi. Na kai loma ɗaya na ajiye. Yaya ya cinye nasa ya cinye nawa, ya ce a gaida mai dafawa. Amma duk safiya ni nake canza masa tsumman ƙafar, kuma ina ganin ruwan da ke fita daga ciwon ya sake launi, ya soma wari.

Bakin Hajiya Meri bai iya riƙe magana ba. Kafin Laraba duk lungun ya ji cewa za a sa wa baƙon Zariya alharini a ƙashi. Sai ga malamai biyu sun zo da littattafansu. Ɗaya ya ce alharini haramun ne ga namiji, ko a waje ko a ciki. Ɗayan ya ce abin da aka hana sawa ne a matsayin tufa, wannan kuwa magani ne, kuma akwai lalura. Daga azahar har magariba suna kai da komowa, ana ta kawo shayi. Na farkon ya tambaya ko faɗin alharinin zai wuce yatsa huɗu da aka yarje wa namiji, kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma na ce ba zai wuce ba, kamar na taɓa gani. Aka tashi a kan ya halatta. Yaya ya yi hamdala, ranar har dariya ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ja Asma'u ɗaki, na gaya mata komai, na ciro ƙullin zarena na ɗora mata a cinya. Ta juya shi a hannu, ta ɗago ta dube ni.

"Gwaggo, wa ya ce miki ina yi wa mutane aiki?"

"Ke kika ce, a waya."

"Na ce ina bincike. Gwaggo, ni ba likitan asibiti ba ne. Zomaye muke yi wa. Ko mutum ɗaya ba mu taɓa ba."

"Zomaye?"

"Zomaye da ɓeraye." Sai ta dafe kai. "Baba Sale yana da ranar aiki a Zariya? Yaushe?"

Na faɗa mata. Ta ƙirga watannin da yatsa, ta tashi ta fita, na jiyo ta a tsakar gida tana yi wa uwarta magana da Turanci da yarensu na Tuwi a haɗe, ba da muryar da 'ya take yi wa uwa magana ba. Ni kuwa na ɗauke ƙullin zarena na mayar cikin jaka.

Da aka gaya wa Yaya, bai yarda ba. Ya ce kunya ce irin ta yaran kirki, ba ta son yabon kanta. Ya ce sai ya gani da idonsa. Asma'u ta roƙi izinin shugabanta, ranar Asabar muka ɗauki tasi zuwa jami'ar.

Aka sa mana farar riga da hular leda da takalmin leda, har sandunan Yaya aka goge da magani. Abu na farko da na gani tukunyar ƙarfe ce tana tafasa, cike da fararen gidajen tsutsa ƙanana kamar ƙwan tantabara, na tsutsar da ake kiwo. Na tambayi abin da suka zuba a ruwan, ta ce wani gishiri ne mai kama da kanwa, don ya cire danƙo. Na ce wannan ai ruwan toka ne, kakarmu a tsaye take yin sa tana goye da yaro. Ta ce haka ne, Gwaggo, daga nan ne muke rabuwa. Su ba sa kaɗawa. Narkar da shi suke yi ya zama ruwa, su zuba a ɗan mazubi cike da ƙwayoyin gishiri, in ya daskare su wanke gishirin, sai ya bar ƙananan ramuka ko'ina. Ta ɗauko ɗaya ta sa wa Yaya a tafin hannu. Fari ne, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, kamar soso.

Ta ce, "Baba, ƙashi yana son ya haɗe, amma in giɓin ya yi faɗi ba ya iya tsallakawa, sai ya sami abin da zai bi. Wannan ake sawa a giɓin. Jini ya shiga ramukan, sabon ƙashi ya riƙa hawa a hankali, shi kuma alharinin ya riƙa narkewa har ya ɓace. Jiki ba ya faɗa da shi sosai, shi ya sa muke sonsa."

Ta nuna mana hoton ƙafar zomo, da giɓi, da kuma bayan an cike. Yaya ya murza abin tsakanin yatsunsa yadda yake gwada zare kafin ya saya.

Ya ce, "Aiki mai kyau. Saura yaushe a fara yi wa mutane?"

"Shekaru, Baba. Ban san ko nawa ba."

"Zan iya jira?"

Ta girgiza kai, hawaye ya zubo mata. "A'a, Baba. Ko wata ɗaya ba za ka iya ba."

Ya miƙa mata abinta da hannu biyu, ya ce Allah ya sa albarka. A hanyar dawowa direba ya yi ta zagin cunkoson motoci.

Ranar Litinin Asma'u ta kai mu wajen wani likitan ƙashi da ta sani. A can layi ake bi da lamba, babu mai tsallakewa, ko ni ban gwada ba. Aka ɗauki sabon hoto. Likitan ya jera shi kusa da tsohon da muka zo da shi, ya daɗe yana duba. Asma'u ce take fassara mana, kuma na lura tana rage wasu kalmomin, sai na ce ta faɗa duka. Ya ce a tsohon hoton aiki ɗaya ne mai sauƙi. Yanzu ƙwayar cuta ta shiga ƙashin, ta cinye bakinsa sama da ƙasa. Sai an kankare wanda ya mutu, a jira, sannan a ɗebo na ƙugu a cike. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma ba zai yi alkawarin ƙafar ba.

Sannan ya ɗaga takardar Zariya, ya sa yatsa a kan ranar da aka rubuta, ya yi tambaya da fuska a murtuke. Asma'u ta sunkuyar da kai ta ce, "Wai me ya hana a yi aikin a ranar da aka sa?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, na yi niyyar faɗa. Yaya ya riga ni.

Ya ce, "Gaya masa ni ne na ji tsoron wuƙa, na gudu. Babu wanda ya sa ni."

Likitan ya yi masa faɗa sosai, irin faɗan da ake yi wa yaro, dattijo mai furfura yana zaune yana cewa na'am, na'am. Ni ina gefe da jakata a cinya. Aka kawo takarda ya sa hannu.

An yi aikin farko, an yi na biyu bayan mako shida, duk ina can ina jinya. Ƙafar tana jikinsa, alhamdu lillahi. Amma ta gajarce da kusan yatsa uku, daidai abin da cutar ta ci a watannin da muka ɓata, kuma likita ya ce ɗingishin ba zai tafi ba. Zaman ɗinki a ƙasa da ƙafa a naɗe ma sai yadda hali ya yi. Yana Maamobi har yanzu, sai an cire ƙarfen da aka riƙe ƙafar da shi ta waje zai dawo. Ni aiki da iyali suka sa na taho.

Ranar da zan taso na shiga ɗakinsa na rufe ƙofa, na durƙusa a gaban gadon. Na ce, "Yaya, maganar nan da ka faɗa wa likita, ni da kai mun san ba haka aka yi ba. Ni ce na—"

Ya ce, "Rabi, motarki za ta tashi."

Na ce ba zan tashi ba sai ya faɗi abin da ke ransa, ko zagi ne ya zage ni, ko tsinuwa ce in ji da kunnena. Har muryata ta ɗaga, matan gidan suka yi tsit a tsakar gida. Ya bari na gama, ya gyara filon da ke ƙarƙashin ƙafar, ya ce in na isa in gaida gida, in kuma duba masa ko ruwan sama bai taɓa rigunan mutane da ya bari a shago ba.

Na duba, bai taɓa ba. Duk Juma'a yana kirana a waya, yana tambayar yara, yana tambayar kasuwar zare. Ina ta jira, har yau bai zage ni ba.